Gida Namu, Gareji na Aro



Ranar da aka ƙulla cinikin gidan Yayana a Rurum, ni aka miƙa wa biro. Ba a ma tsaya shawara ba. A gidanmu duk abin da ya shafi takarda nawa ne, tun daga cike katin asibiti har wasiƙar neman taki, saboda ni na yi difloma a Poli, kuma an san ina shiga mota in tafi taron marubuta a Kano. Inna in za ta nuna ni ga baƙi cewa take yi, "Ga mai rubuta mana littafi," alhali har yau ko guda ban fitar ba. Don haka na karɓi biron nan ina jin kaina, na gyara zama a kan tabarma, na ɗora takarda a cinya.

Bari in fara gaya muku yadda aka tara kuɗin, don ku san nauyin abin da aka ɗora wa birona. Yaya direba ne. Shekara tara yana jan a-kori-kura, da rani ya ɗauko tumatir da albasa daga Kadawa da Kwanar Gafan ya kai 'Yankaba, da kaka ya koma dakon buhuna zuwa Dawanau. Da motar wani ya fara, daga baya Allah ya ba shi tasa. Adashinsa ya shiga cikin kuɗin gidan nan, bijimai biyu da ya turke sun shiga, har ɗan kunnen gwal na matarsa sai da aka kai kasuwa. Naira miliyan huɗu da dubu ɗari biyu aka sallama masa, a watan Maris na 2023.

Gida uku dillali ya nuna masa. Wannan ya fi sauran tsada, ɗakunansa kuma sun fi ƙanƙanta. Abin da ya ja Yaya shi ne garejin da ke manne da katangar gabas, na bulo, mai ƙofar ƙarfe. Sau biyu ana cire masa batir a ƙofar gidanmu na gado, har ya koma kwana a cikin mota lokacin sanyi. Da ya leƙa garejin nan ya auna shi da taku, sai ya juyo ya ce da ni, "Ƙanena, na samu wurin barci."

Ga abin da na rubuta, har yanzu ina da kwafinsa: "Ni wane na sayar wa wane gidana mai ɗaki huɗu da ke Rurum, tare da duk abin da yake haɗe da shi." Na sa farashi, na sa kwanan wata, shaidu huɗu suka sa hannu, biyu namu biyu na mai gida. Na karanta a fili, aka ce madalla, aka yi fatiha, aka raba goro da alawa. Jimlar nan ta "duk abin da yake haɗe da shi" ta burge ni ƙwarai a lokacin. Gani nake na yi wa dukiyar Yaya shinge da kalma bakwai.

Ban rubuta tsawo da faɗi ba. Ban rubuta wa ke gabas, wa ke yamma, wa ke kudu, wa ke arewa ba, abin da ko tsofaffin takardun cinikin gona ba sa tsallakewa. Ba mu kira maƙwabci ko ɗaya ba. Mai gidan yana sauri zai koma birni, sai muka ce a biya tukuna, takarda ma kai wa mai unguwa daga baya. Kuma wallahi idona ya ga alamu. Na ga gidan ginin ƙasa ne da aka shafe da siminti, garejin kuwa bulo ne zalla. Na ga babu ƙofar da ta haɗa shi da tsakar gida, sai ka fito waje ka zagaya. Na ga indararonsa a filin maƙwabci yake zuba. Duk na gani, na ce a raina tsarin magini ne.

Wata takwas Yaya yana barci da munshari. Sai kaka ta yi. Wata ranar Juma'a da yamma ina gidan, wani yaro ya yi sallama ya durƙusa ya ce, "Wai in ji Baba, a tuna da daminsa." Yaya ya ɗauka tsohon taimako yake nema, don haka ya ce a auno wa yaron dawa tiya biyu. Ba a jima ba yaron ya dawo da ita a kwarya, ya ce Baba ya gode, amma ba sadaka ya aiko a karɓa ba, damin gareji ne.

Bayan magariba muka shiga zauren tsohon. Ya haura tamanin, amma hankalinsa garau. Muka gaisa, ya tambayi Inna, ya tambayi hanya, sannan ya sa aka ɗauko masa wata gafaka. Daga cikinta ya zaro takarda a leda, ya miƙo mini ya ce, "Ɗan nan, an ce kai ne malamin gidanku. Karanta wa yayanka."

Ajami ce. Ni da na yi wa Yaya takarda da boko cikin minti goma, sai ga ni ina bin baƙi da yatsa kamar ɗan kotso, ina haɗa gumi a gaban tocila. Da ƙyar, tsohon yana ɗora ni, na kai ƙarshe. A watan Rajab na 1430, wato 2009, mahaifin wanda ya sayar mana da gidan ya roƙi aron wannan tsirin fili don ya gina wa motarsa ɗaki. An ba shi shekara ashirin. Duk kaka zai kai damin dawa ɗaya. In wa'adi ya cika, fili ya koma wa masu shi, mai gini ya kwashe kwanonsa da ƙofarsa. Shaidu uku, liman na cikinsu. Takardar ta faɗi tsawo, ta faɗi faɗi, ta faɗi iyaka ta kowace kusurwa. Ko layi goma ba ta kai ba, amma babu inda za ka sa allura. Da na zauna lissafi daga baya ma sai na ga shekara ashirin ta Hijira ta gaza ta boko da wajen wata bakwai. Ke nan a ƙarshen 2028 garejin zai bar hannunmu.

Yaya ya ce, "Baba, ai dami ɗaya ko kuɗin man zuwa Rano bai kai ba. Me zai yi maka?"

Tsohon ya yi murmushi ya ce, "Ba don in ci ba ne, yaro. Don kada a manta ne. Shekara uku in ba a kawo ba, ta huɗu sai a ce dama na gidan ne."

A hanyar komawa Yaya bai ce mini uffan ba. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Sai da muka zo ƙofar garejin ya dafa ƙarfen, ya ce, "Ashe kayan aro ba ya rufe katara." Ya shige gida. Daren nan ni ne ban yi barci ba.

Kunya ce ta sa na koma karatu. Abu na farko da na gane shi ne Bahaushe bai taɓa cuɗa waɗannan abubuwa ba. Yana da gado, yana da saye, yana da kyauta, yana da aro, yana da haya, yana da jingina, kowanne da hukuncinsa. Wanda aka jinginar wa gona zai noma ta har sai an dawo masa da kuɗinsa, amma ba zai sayar ba. Wanda aka ara wa fili ginin nasa ne, ƙasar ta mai ita ce. Kalmomin nan duk ina da su a baki tun ina yaro. Da aka ba ni biro sai na tsallake su, na ɗauko jimla mai daɗin ji wadda ba ta ɗaure kowa ba. Mutum ba ya sayar da abin da bai mallaka ba, ko da kuwa marubucin takarda ya ce "duk".

Abu na biyu ya fi ba ni mamaki. Shi kansa gidan da muke cewa namu ne halak malak, a idon doka da sauran magana. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda aka kafa zamanin mulkin soja na Janar Olusegun Obasanjo, ta damƙa duk ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin riƙon amana. Abin da mutum yake da shi haƙƙin zama ne da amfani. A birni gwamna ke ba da takardar da muke kira C of O, galibi ta shekara 99 in gidan zama ne. A karkara kuwa ƙaramar hukuma ke da ikon ba da haƙƙin zama na gargajiya. Kuma hukuma na iya karɓe wuri don amfanin jama'a ta biya diyyar abin da aka gina ko aka shuka. Da na kai wa tsohon wannan labari a matsayin sabon ilimi, dariya ya yi. Ya ce su da suka ga ruwan Tiga ya shanye gonaki da ƙauyuka zamanin Audu Bako, ba sai an karanta musu doka ba.

Na kuma tarar ba mu kaɗai ba ne. A Ingila akwai gidan da ake saya da ƙasarsa ba wa'adi, akwai kuma na hayar dogon zango, shekara 99 ko 125, wani har 999. A wasu sababbin unguwanninsu sai mutum ya sayi gida na dindindin, amma garejinsa yana ƙarƙashin benen wani, don haka shi da takardar haya yake zuwa. Kuɗin ƙasar da ake rubutawa a irin wannan haya wani lokaci ƙwayar masoro ɗaya ce a shekara. Da na karanta haka sai na tuna damin Baba. Bambancinmu da su, lauyan mai saye yana tono wannan kafin a biya kuɗi. Mu sai da yaro ya yi sallama.

Daga ƙarshe gaban mai unguwa muka je, inda ya kamata mu fara. Aka kira wanda ya sayar, ya rantse shi ya ɗauka kowa a unguwar ya sani, dillali kuma ya ce ba a tambaye shi ba. Allah ne masanin zukata. Mai unguwa ya karanta takardata sau biyu, ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Malam, ina iyaka?" Na ce, "Ranka ya daɗe, ban sa ba." Bai ƙara komai ba, ni ma ban ɗago ba.

An yi sulhu. Mai sayarwa ya yarda zai mayar da naira dubu ɗari uku, biya uku, kuma ya cika. Yaya ya nemi tsohon ya sayar masa da tsirin gaba ɗaya, ya ce ba zai iya ba, domin akwai rabon marayun ƙaninsa a ciki. Abin da ya iya shi ne ƙarin shekara goma, bayan ya tara 'ya'yansa da marayun nan, waɗanda duk sun girma, kowa ya amince da bakinsa. Dami ya koma biyu.

Da aka zo rubuta sabuwar takarda, na yi tsammanin wani za a nema. Sai Yaya ya zaro biro daga aljihunsa ya miƙo mini a gaban kowa, ya ce, "Kai ka ɓata, kai za ka gyara." Kwana uku na yi a kanta. Na ari tef ɗin magini na auna garejin, ƙafa 12 faɗi, ƙafa 22 tsawo. Na sa maƙwabcin kowace kusurwa. Na rubuta kalmar "aro" ɓaro-ɓaro, na sa ranar farawa da ranar ƙarewa da lissafin Hijira da na boko. Na rubuta abin da zai faru in Baba ya rasu, da in Yaya ya sayar da gidan, da wanda gyaran rufi yake kansa. Liman ya juya ta zuwa ajami, aka yi kwafi uku, ɗaya na wurin mai unguwa. Babu jimla ɗaya mai daɗi a cikinta, kuma ban taɓa rubuta abin da na sha wa wuya kamarta ba.

'Yan'uwa, da yawanmu a nan mu ne masu biron gidajenmu. Gobe za a iya kiranka cinikin gona ko rabon gado, a ce kai ne marubuci. In ka je, taka iyakar da ƙafarka kafin ka zauna. Duk ginin da ka ga ya bambanta da sauran, rijiya ce, shago ne, ko bishiyar mangwaro a bakin katanga, ka tambaya da babbar murya: wannan fa na wa ne? A kira maƙwabta, a je wa mai unguwa kafin kuɗi su bar hannu. Ba banza ba ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani take magana a kan rubuta bashi da kafa shaidu, har da gargaɗi ga shi mai rubutun.

Bana ni na ɗaura damin nan biyu a bayan babur na kai. Baba yana kwance ba ya jin daɗi, babban ɗansa ne ya karɓa. Na fito da littafi na ce ya sa mini hannu a kan ya karɓa. Ya dube ni ya ce, "Haba Malam, a kan dawa?" Na ce masa e, a kan dawa. Daga cikin ɗaki muka jiyo tsohon yana cewa a sa masa hannu, yaron ya yi hankali.

Allah ya ba Baba lafiya, ya sa mu fi ƙarfin alƙalumanmu.