Wa Zai Tambayi Mai Bindiga?

Bena gari ne a ƙasar Wasagu, cikin masarautar Zuru, a Jihar Kebbi. Yana ƙarƙashin Ƙaramar Hukumar Danko-Wasagu, ba shi kuwa da nisa da iyakar Zamfara da ta Neja. Mutanensa manoma ne da 'yan kasuwa da masu kiwo. Ƙasar Zuru duka ta yi suna tun zamanin Turawa wajen ba da 'ya'yanta aikin soja, har da wuya a shiga unguwa ba a sami gidan tsohon soja ba. Saboda haka mutanen wannan ƙasa ba baƙin bindiga ba ne. Amma a da sun san ta a kafaɗar ɗansu mai kaki, ko a hannun maharbi. Yanzu kuwa sun san ta a hannun waɗanda su ke fitowa daga daji bisa babura.

Ga kaɗan daga cikin abin da ya sami ƙasar. A watan Afrilu na 2021 'yan bindiga suka kashe 'yan sanda 9 a ƙasar Sakaba, har da shugabansu na yankin. A farkon watan Yuni na shekarar suka faɗa wa waɗansu ƙauyuka na Danko-Wasagu, 'yan sanda da bakinsu suka ce an kashe mutum 88. A watan Maris na 2022 aka yi wa 'yan sa kai kwanto a Sakaba, aka kashe sama da 60. Bayan kwana biyu aka yi artabu a Kanya, lokacin da mataimakin gwamna na wancan zamani, Kanar Sama'ila Yombe, ya kai ziyara, aka ba da labarin mutuwar sojoji 13 da 'yan sanda 5. Waɗannan su ne aka ƙidaya aka buga a jarida. Wanda aka tare a hanyar gona, da wadda aka ɗauke da goyo, da shanun huɗa da aka kora, danginsu ne kaɗai su ke riƙe da lissafinsu.

To, inda irin wannan masifa ta sauka, mai karatu zai zaci bakin mutane ɗaya ne. Ina! Da zarar an zauna a inuwa aka ɗauko zancen, sai jam'iyya ta shiga tsakani. Mutumin adawa ya ce laifin masu mulki ne, gama su aka zaɓa, su ke da soja da 'yan sanda da baitulmali. Mutumin gwamnati ya ce wutar nan gadonta suka yi, tun zamanin waɗancan ta kama. Kowa yana da hujja. A watan Afrilu na 2014, da aka sace 'yan mata 276 a Cibok, PDP ce ke mulkin ƙasa, 'yan APC suka ce gwamnati ta gaza, 'yan PDP suka ce kada a sa siyasa cikin sha'anin tsaro. APC ta karɓi mulki a 2015. A watan Yuni na 2021, da aka kwashe 'yan makaranta a Birnin Yawuri, sai aka yi musayar baki: abin da wancan ya faɗa jiya shi wannan ya ke faɗa yau. Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Akwai wani dattijo a Bena wanda ya yi aikin ɗan doka a ƙuruciyarsa, zamanin En'e. Yana da 'ya'yan ƙane biyu da ya riƙa tun suna yara, babban ɗan APC ne, ƙaramin ɗan PDP. Bayan zaɓen gwamna na 2023 gardama ta yi tsanani tsakaninsu. An jefa ƙuri'a ran 18 ga Maris, hukumar zaɓe ta ce zaɓen bai kammala ba, aka ƙarasa ran 15 ga Afrilu, Nasiru Idris na APC ya kayar da Janar Aminu Bande na PDP. Wata rana da la'asar suka ɗauko zancen a zauren tsohon.

Ƙaramin ya ce, "Yaya, da kun bar mana Janar, da yanzu an share dajin nan. Soja shi ya san maganin bindiga."

Babban ya ce, "Kai dai yaro ne. Janar nawa aka yi a ƙasar nan? Shugaban ƙasa ma Janar ne shekara takwas, kuma namu ne, ban ɓoye ba. Ku da kuka yi shekara goma sha shida, me kuka bari?"

Tsohon yana jinsu, yana jan carbi. Can sai ya ce, "Ku dakata. Ranar da aka shigo ƙauyen gwaggonku, wa aka aika wa labari tun da rana?" Suka ce ba su sani ba. Ya ce, "Wa ya kamata ya zo? Ƙarfe nawa ya iso? Wa ya tambaye shi dalilin jinkiri?" Suka yi shiru. Ƙaramin ya ce, "Baba, ai wannan sai manya." Tsohon ya ce, "Kun san sunan kowane ɗan takara da na mataimakinsa, amma ba ku san wanda aka ba tsaron gwaggonku ba. To, gardamarku ta 'yan kallon dambe ce."

Abin da ya sa dattijon ya faɗi haka, ya ga zamani biyu, kowanne da cutarsa. Ya kamata a bayyana su, don samari da yawa ba su san na farkon ba.

A zamanin En'e kowace hukumar gargajiya tana da 'yan dokarta. Ɗan doka ɗan gari ne, ya san kowa, kowa ya san gidan ubansa. Kulki ne makaminsa, ba bindiga ba. In an yi sata, sau da yawa kafin kwana biyu ya san inda kayan su ke. Amma da siyasa ta zo, sai aibin tsarin ya fito. An kafa NEPU a Kano ran 8 ga Agusta 1950, NPC kuma ta zama jam'iyyar siyasa a 1951. Yawancin manyan En'e suna tare da NPC, kuma a hannun En'e a ke neman izinin yin lacca, 'yan dokarta ke kamu, alƙalanta ke shari'a, gidan yarinta ke tsarewa. Mutanen Malam Aminu Kano sun sha ɗauri da bulala a garuruwa da yawa na Arewa, Hajiya Gambo Sawaba ma an ɗaure ta sau da dama. A zaɓen Tarayya na ran 12 ga Disamba 1959, mai fartanya ya ci kujeru 134, mai tauraro ya sami 8. Ba a ce duk da kulki aka ci ba, gama NPC tana da jama'arta ƙwarai. Amma talaka ya koyi cewa ɗan doka yana sauraron wanda ya ke biyansa albashi, wanda ya ke biyan nan kuwa yana da jam'iyya.

Wannan na cikin dalilan da suka sa gwamnatin soja ta soke 'yan doka. Daga 1968 aka shiga haɗe su da 'yan sandan Nijeriya. Tsarin mulki na 1999, a sashe na 214, ya ce rundunar 'yan sanda ɗaya ce tak a ƙasa. Sashe na 215 ya ba gwamna ikon ya umurci kwamishinan 'yan sanda na jiharsa, amma kwamishina yana iya cewa sai an ji daga Shugaban Ƙasa tukuna. Da haka aka yi maganin cuta ɗaya, aka sami wata. Ɗan sandan yau ana iya kawo shi daga nesa, bai san hanyar daji ba, wani ma bai jin harshen mutanen wurin. Albashinsa da ƙarin girmansa da horonsa duk daga Abuja su ke. In abu ya ɓaci, gwamna ya ce ba shi ke da 'yan sanda ba, Abuja ta ce ana bincike, mai gawa kuwa ya binne gawarsa.

An ga misalin wannan a Maga, cikin Danko-Wasagu ɗin nan. Ran 17 ga Nuwamba 2025, kafin asuba, 'yan bindiga suka shiga makarantar sakandare ta 'yan mata, suka kashe mataimakin shugaban makarantar, suka tafi da ɗalibai 25. Gwamna Nasiru Idris ya fito ya ce an sami labarin harin tun kafin ya auku, an kai sojoji, amma suka tashi jim kaɗan kafin maharan su iso, ya nemi a gaya masa wanda ya ba da umurnin tashin. Allah ya taimaka yaran suka komo bayan mako guda. Abin lura a nan shi ne, gwamna da Shugaban Ƙasa jam'iyyarsu ɗaya, duk da haka gwamna tambaya ya ke yi kamar kowa. In mai jiha guda yana neman amsa, ina ga manomin Bena?

Da jama'a suka ga babu mai zuwa da wuri, sai suka ɗauki bindigar toka suka zama 'yan sa kai. Babu mai musun ƙoƙarinsu, da yawa sun ba da ransu don garinsu. Amma an sha kuka da waɗansunsu, a Zamfara da wasu wurare, cewa suna yanke wa mutum hukunci a kasuwa ba alƙali ba shaida, musamman in Bafulatani ne, har gwamnatin Zamfara ta taɓa haramta su. Wanda aka kashe wa uba ba da hakki ba, gobe shi ne a daji. Katsina a 2023, da Zamfara a 2024, sun kafa nasu askarawan da kaki da albashi, ana kuma ta shawarar a ba kowace jiha 'yan sandanta. Masu so sun ce mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo. Masu ƙi sun ce a tuna da 'yan doka da NEPU, kada gwamna ya sami sandar dukan abokan hamayya ranar zaɓe. Dukansu suna da gaskiya, gama kowa ya riƙe rabin tarihi.

Abin da tsohon ɗan dokan nan ya gane shi ne, ko ɗan gari ne ko baƙo, ko na jiha ko na Tarayya, duk wanda aka danƙa wa bindiga da sunan jama'a lalle ne a sami mai tambayarsa, mai tambayar nan kuma kada ya canja baki don jam'iyyarsa ta hau. Tambayar fuska biyu gare ta. Ta farko, don me ba ka zo ba sa'ad da aka kira ka? Ta biyu, don me ka taɓa wanda bai yi laifi ba? Akwai kuma ta uku wadda a ke mantawa, ita kuwa gwamnati za a yi wa: da me kika tura shi? Ɗan sandan da aka aika da tsohuwar bindiga da harsashi ƙidayayye ya fuskanci mutum ɗari, shi ma wanda aka zalunta ne, marayunsa kuma suna da hakki. Ba a rasa 'yan sanda ba ɗungum, rabonsu ne ya karkace. Shi ya sa a Nuwamban 2025 Shugaba Bola Tinubu ya ba da umurni a janye waɗanda su ke gadin manyan mutane a mai da su aikin jama'a.

To, ina amfanin wannan ga wanda ya fito ajin yaƙi da jahilci? Amfani babba. Maganar fatar baki iska ke kwashe ta, abin da aka rubuta kuwa yana nan. Wanda ya iya alƙalami ya sayi ɗan littafi, ya riƙa rubuta abin da ya sami ƙauyensu: rana da wata da shekara, ƙarfe nawa aka zo, wa aka sanar, yaushe taimako ya iso, wa aka rasa, dabba nawa aka kora. Ya rubuta gaskiya tsantsa, kada ya ƙara don ya ɓata wata jam'iyya, kada ya rage don ya kare wata. In an kama ɗan'uwansa, ya sani beli a ofishin 'yan sanda kyauta ne, kuma doka ta ce a kai mutum gaban kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tsakanin kilomita 40, in babu, cikin kwana biyu. In an ci zarafinsa, akwai Hukumar Kula da Aikin 'Yan Sanda, da Hukumar Kare Hakkin Ɗan Adam wadda aka kafa a 1995, da Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a wadda ta ke tun 1975. Takardar da mutum ashirin suka sa wa hannu, ta bi ta wajen mai unguwa da hakimi, ta fi wuyar jefarwa a kwando bisa ga kukan mutum ɗaya.

Sa'an nan in lokacin zaɓe ya zo, 'yan takara suka iso da kiɗa da atamfa da taliya, a fito musu da littafin nan. A karanta wa na gwamnati, a karanta wa na adawa, shafi ɗaya, murya ɗaya. A tambayi kowannensu 'yan sanda nawa zai nema wa gari, da wanda za a kira da dare, da abin da zai yi wa jami'in da ya bar bakin aikinsa ko ya harbi marar laifi, da yadda zai bayyana kuɗin tsaron da a ke ware wa gwamnati. A rubuta amsarsa da ranar da ya faɗe ta, a ajiye, gama bayan shekara huɗu zai komo.

Ba a hana kowa son jam'iyyarsa ba. Wa da ƙane su yi ta gardamarsu kan hanya da taki da asibiti, wannan shi ne siyasa. Amma ranar da a ke haƙa kabari ba a tambayar katin mamaci, haka nan bai kamata a duba katin mai mulki ba kafin a tambaye shi jinin talakawansa. Allah ya ba Bena da ƙasar Zuru da Nijeriya duka zaman lafiya, ya ba shugabanni ikon riƙe amana, amin.