Baƙin da Ke Jikin Salansa

Da aka raba gadon mahaifinmu, babur ɗinsa ne ya faɗo a kasona. Tsohon Jincheng ne, injinsa lafiya lau, sai dai salansar ta yi baƙi ƙirin tun daga wuyanta har kusan tsakiya. Marigayin mutum ne mai tsafta, duk Juma'a sai ya goge mashin ɗin kafin ya tafi masallaci. Jinyarsa ta shekara biyu ce ta sa yara suka riƙa hawa ba mai kula. Na ƙudurta sai na mayar da shi yadda na san shi.

Na sa omo da soso, ko gezau. Na koma toka da kanwa, yadda ake wanke kasko a gidanmu, nan ma shiru. Da haushi ya ci ni sai na ɗauko samfefa. Baƙin ya fita kuwa, wuri kamar faɗin tafin hannu, amma damina ɗaya ta isa wurin ya rine da tsatsa.

Wani dattijon bakanike na kai wa. Ya shafa tabon, ya ce, “Malam, ai ba datti ka cire ba, fatarta ka feɗe.”

Gaskiyarsa. Sheƙin salansa ba na ƙarfen ba ne, wani rufi ne na kurom da ake shimfiɗawa a kansa, wanda kaurinsa bai kai kashi ɗaya cikin hamsin na silin gashi ba. Samfefa ta kankare shi cikin minti kaɗan, ta bar ƙarfe tsirara ga ruwa da iska.

Toka da kanwa kuwa ba su da laifi, ni ne na kai su inda ba aikinsu ba. Suna cin maiƙon man gyaɗa da manja ne domin idan suka haɗu da shi wani sashensa kan juye ya zama sabulu, ruwa ya tafi da shi. Baƙin mai ɗan uwan fetur ne, daga ƙasa aka haƙo asalinsa, ba ya zama sabulu ko an kwana ana cuɗa. Ga kuma aikin wuta. Wuyan salansa kan ɗauki zafi na ɗaruruwan digiri, don haka duk ɗigon da ya sauka a kai, mai saurin tashi a cikinsa ya ƙafe, ragowar ta dahu da ƙura, yau kaɗan gobe kaɗan, har ta daskare kamar fenti. Abin hawa-hawa ne: na sama mai danƙo, na ƙasa kusan gawayi.

Dattijon bai yi gaggawa ba. Ya bari salansar ta huce sarai, ya naɗe ta da tsumma jiƙe da kananzir, muka zauna hira kusan awa guda. Kananzir dangin man ne, shi ya sa ya narkar da na saman, aka share. Na ƙasan ya shafa masa ruwan soda, irin ta masu haɗa sabulu, da safar roba a hannu, bayan ya kwance salansar ya kai ta gefe. Na tambayi dalili. Ya ce soda na cin alminiyam, jikin injin kuma alminiyam ne, balle ido da fata. Bayan ɗan lokaci ya ɗauraye da ruwa mai yawa, ya bi ragowar da dunƙulen takardar alminiyam jiƙe, wadda ta fi kurom taushi. Sau uku ya maimaita.

Wani shuɗi-shuɗi ya rage kusa da inji, na nuna masa. Ya ce wannan launin wuta ne, ba datti ba, in na matsa sai na sake ɓarna. Sannan ya ɗora yatsa a gefen murfin kan inji, ya nuna mini danshin mai. Gaskit ne ya mutu, daga nan ɗigon ke sauka tun shekarun jinya. Da ba a canza shi ba, wata biyu ya isa baƙin ya dawo.

Tabon samfefar ne bai gyaru ba. Ya ba ni shawara in sayi sabuwar salansa, kuɗinta ma ba wani mai yawa ba ne. Na ce, “Baba, a bar ta tukuna.” Yana ta ɓangaren dama, ƙasa da matakin ƙafa, duk ranar Juma'a nakan shafa masa ɗan mai kada tsatsar ta yaɗu.