Kura: Daga Shuni Zuwa Shinkafa

In an ambaci Kura yau, shinkafa ce ke fara zuwa wa mutum a rai. Amma mu da muka tashi a ƙauyukan da ke tsakanin Kura da Bunkure, da hannuwan marina muka fara sanin garin, hannuwan da suka rine har gwiwa, ko sabulu ba ya fid da su.

Kura tsohon gari ne, kimanin kilomita 30 kudu da Kano, a kan hanyar Zariya. Sunansa ya je inda yawancin mutanensa ba su taɓa sa ƙafa ba. Rawanin nan mai ƙyalli da Buzaye suke rufe fuska da shi a Agadas da ƙasar Azbin, ɗan Kura ake ce masa. Baturen nan Barth, da ya zo Kano a 1851, ya rubuta cewa tufafin ƙasar Kano suna kaiwa har Timbuktu da Tarabulus.

Aikin kuwa ba na mai gaggawa ba ne. Masaƙi zai saƙa ƙyalle siriri, faɗinsa kamar yatsa, a harhaɗa a ɗinke, sa'an nan a kai karofi. Ramin rini ya fi tsawon mutum zurfi, an shafe cikinsa da laso. A zuba ruwa da baba da toka da katsi, a yi kwanaki ana motsawa har ya nuna. Daga nan sai mabuga. A sa wa tufa shuni, a shimfiɗa a kan gungume, a yi ta bugu har ta riƙa walƙiya kamar ƙarfe. Tun daga bakin gari kana jin ƙarar bugun, kai ka ce kiɗa ake yi.

To, galibin wannan sana'ar rani ce. Da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, aka jawo ruwa zuwa gonakinmu, sai rani ma ya zama lokacin noma: alkama, tumatir, shinkafa. Ni dai ba na kuka da ruwan nan. Ya tsai da samari a gida maimakon tafiya cin rani, shi ne kuma ya biya mana kuɗin makaranta. Ban da haka, tun 1897 Jamusawa suka fara sayar da shunin masana'anta, yadin kanti kuma ya cika kasuwa. Ruwan Tiga ya tarar da karofi ya riga ya fara jin jiki.

Abin da ke damuna shi ne sanin da ke tafiya. Tsohon marini yakan dubi kumfa, ya shinshina, ya ce ramin ya nuna ko da saura. Wannan ba a koyonsa sai a bakin rami, shekara da shekaru. Jikansa kuwa yana can wajen injin casar shinkafa, ramuka da yawa kuma ƙasa da shara sun cike su.