Jega, Aliero Da Maiyama: Tsohuwar Waya, Sabon Gem Da Muryar Inna

Hutun makaranta na watan Afrilu ya zo daidai da bikin 'yar kawuna a Maiyama, sai na ɗauki ɗan farina muka kama hanyar Kabi daga Kaduna. Abba muke ce masa, don sunan mahaifina ya ci, shekararsa goma sha biyu. Na ba shi tsohuwar wayata ya riƙe, ko na huta da "Umma, mun kusa?"

Ashe daren da za mu tashi ya cinye min data wajen sabunta gem ɗin ƙwallon da yake bugawa. An kwaɗaita masa sabon fili: ciyawa kamar ka taɓa, 'yan kallo suna kaɗa tuta, har gumin goshin ɗan wasa ana gani. Kafin mu kai Kontagora murna ta koma ciki. Ɗan wasa zai ɗaga ƙafa ya ƙame kamar an ɗaure shi, kafin hoto ya motsa an zura wa Abba ƙwallo. Bayan wayar ya yi zafi kamar dutsen guga. A Yawuri caji ya ƙare, yaro ya haɗe rai har Koko.

Ni dariya na riƙa yi masa. Na sha'afa cewa a cikin wayar nan ne saƙonnin muryar mahaifiyata suke, Allah ya jiƙanta, kuma tun rasuwarta ban kwafe su ko'ina ba.

Jega: inda na kusa yin asara

Ana kiran magariba muka haye gadar gulbin Zamfara muka shiga Jega. Garin mahaɗa ne: hanya ɗaya ta yi Sakkwato, ɗaya ta yi Birnin Kebbi, ga kuma wadda muka biyo daga Yawuri. Shi ya sa ba ya barci da wuri. Manyan motoci jere a bakin titi, masu shayi da masu soyayyen kifi sun kunna fitilu, ga buhunan shinkafar fadama ana ta lodi. Ciniki ba baƙon abu ba ne a nan. Tun ƙarni na 19 kasuwar Jega ta yi suna wurin fatake, bayan da Buhari ɗan Malam Abdussalami na Gimbana ya kafa garin a ƙarƙashin Gwandu. Har gobe Sarkin Kabin Jega ake kiran basaraken garin. Yaran yanzu kuwa, in ka ce Jega, Farfesa Attahiru Jega suke tunawa, wanda ya shugabanci hukumar zaɓe daga 2010 zuwa 2015.

Gidan ƙanwar mahaifiyata muka sauka, Inna Ƙarama. "Maraba da mutanen Kaduna! Kun sha hanya. Wanga na Abba? Kai, ya girma!" Aka kawo tuwon shinkafa da miyar kuka, muka ci muka kwanta a tsakar gida saboda zafi.

Da hantsi na nemi Abba na rasa. Aka ce sun tafi bakin tasha da ɗan gidan, wai za a gyara waya. Gabana ya faɗi ban san dalili ba. Na yafa mayafi na bi su.

Na same su a wata rumfar masu gyara, an riga an soka wa wayar igiya an haɗa ta da kwamfuta. Wani yaro mai koyon aiki ya ce, "Filashin za a yi mata, Hajiya, ta koma sabuwa dal."

Na ce, "Abubuwan da ke ciki fa?"

"Ai komi tahiya za shi yi."

Ban san lokacin da na fizge igiyar ba. Ƙafafuna rawa suke yi. Ana cikin haka maigidan rumfar ya dawo, mutum mai furfura a gemu da tabarau a kan hanci. Ya karɓi wayar ya ce, "Mi as same ta?" Abba ya zayyana masa. Ya shiga saiti ya duba lambar Android ɗinta da girman ram, ya girgiza kai.

"Hajiya, wayag ga lahiya tai mata yawa. Kaya anka aza mata wanda yaf fi ƙarhinta. Filashin shara ce, ko kin share ɗaki sau goma ba shi ƙara hwaɗi."

Na gaya masa abin da ke ciki. Bai ce komai ba, ya ɗauko katin memori sabo ya kwafe saƙonnin da hotunan duka, ya sa na tura wasu zuwa wayar da nake riƙewa, sannan ya kunna ɗaya don in tabbatar. Muryar Inna ta fito a tsakiyar hayaniyar tasha tana tambayar ko ruwa ya sauka a Kaduna. Na juya baya na goge ido. Kuɗin katin kawai ya karɓa.

A hanyar gida Abba ya ce, "To Umma, a saya min sabuwa mana." Na lissafa kuɗin makarantar zango na uku da ke jirana, da gudummawar biki, da kuɗin motar komawa. Na ce ya bari mu je Aliero tukuna, akwai mai yi mana bayani.

Aliero: garin albasa da masu ɗori

Daga Jega zuwa Aliero tafiya ce kaɗan a kan hanyar Sakkwato. Hanci ne ke fara sanar da ke kin iso. Lokacin kakar albasa ne, ga ta nan tsibi-tsibi ja wur a rana, maza suna cusa ta a buhu suna ɗinkewa, motoci suna jiran lodin kudu. Wadda ba a sayar ba ana jibge ta a rudu, rumfar kara da ciyawa mai shan iska, a jira farashi ya tashi. Manomin da ya yi sakaci zafi ko danshi ya shiga, rabin wahalarsa ruɓewa take yi. Abu na biyu da aka san garin da shi shi ne ɗori. Daga nesa ake kawo masu karaya wurin masu ɗorin Aliero, sana'ar da suka gada kaka da kakanni. Na uku kuma jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha, wadda aka kafa a 2006. Can wata 'yar kawuna take karatun kwamfuta.

Ta tarbe mu da fura mai sanyi, muka zauna a inuwar dogon yaro. Abba ya miƙa mata wayar kamar mai kai ƙara gaban alƙali.

Ta ce, "Yaya, abin da ido ke gani yana motsi a gem hotuna ne ake zanawa ɗaya bayan ɗaya, talatin ko sittin a cikin daƙiƙa guda. Wayar ce ke zana kowanne nan take. In aka ƙara inuwa da ciyawa da dubban 'yan kallo, aikin kowane hoto ya ninka. Wayar da ba ta iya gamawa a kan lokaci sai ta riƙa fitar da goma ko sha biyar, shi ne tsayawar da yake gani. In kuma ta yi zafi, da kanta take rage gudu don kada ta ƙone. Ga zafin Kabi na Afrilu, sai abin ya haɗu ya yi mata yawa."

Na ce, "To me ya haɗa wannan da tsufan Android?"

Ta ce tsakanin gem da injin zanen waya akwai wata manhaja mai aikin tafinta. Sabon gem da sabon yare yake zuwa. Misali, akwai hanyar zane da ake kira Vulkan, wadda sai a Android 7, a 2016, ta shigo. Tafintan kuwa tare da sabuntawar waya yake zuwa daga kamfanin da ya ƙera ta. Ranar da kamfani ya daina aiko wa wayarki sabuntawa, tafintanki ya tsaya a tsohon yare, gem kuma yana ta gaba.

Ta ce ba yaran Najeriya kaɗai abin ke ci ba. A watan Satumba na 2023 kamfanin Valve na Amurka ya maye gurbin shahararren gem ɗinsa da sabo mai suna Counter-Strike 2, mai sabon zane, masu tsofaffin kwamfutoci da masu kwamfutar Mac aka bar su a baya. Daga 1 ga Janairu 2024 kuma kasuwar gem ta Steam ta daina tallafa wa Windows 7 da 8. "Ke ma, Yaya, kin tuna lokacin da WhatsApp ya daina aiki a wayar Gwaggo? A Oktoba 2023 ne suka sallami duk Android da ke ƙasa da 5. Hanya ɗaya ce, gem ne kawai ke riga kowa isa."

Abba ya ce, "Anti, tunda garin masu ɗori ne, a ɗora ta mana."

Ta yi dariya har da riƙe ciki. "Ai ba karaya ta yi ba, ɗana. Mai ɗori ƙashi yake haɗawa, ba ya mayar da tsoho yaro."

Duk da haka ta yi abin da za ta iya. Ta shiga saitin gem ɗin ta mayar da zane zuwa mafi ƙanƙanta, ta kashe inuwa, ta rufe manhajojin da ke aiki a ɓoye, ta cire wa wayar riga don ta sha iska. Ya ɗan yi dama, amma bai koma kamar da ba. Komawa tsohon kuwa ba ta yiwuwa, don gem ɗin da ake bugawa ta intanet ba ya barin ka shiga sai da sabon. Ta ce wasu kamfanoni suna raba abin gida biyu, kamar Free Fire da aka fitar wa mai nauyin zane daban, Free Fire Max, a 2021, aka bar mai sauƙin ga ƙananan wayoyi. Sannan ta ja kunnena a kan abu ɗaya: kada in bari a tura wa yaro gem daga wani shafi ko daga wayar aboki da sunan "wanda aka gyara", balle a wayar da manhajar bankina take. Ta irin wannan ƙofa ɓarayi ke shigowa.

Maiyama: mai gidan gem da ya yi hankali

Ranar ɗaurin aure muka koma ta Jega muka gangara Maiyama, a kan hanyar Koko. Gari ne na manoma, rumbunan gero da dawa a bayan gidaje, amalanken shanu suna raba hanya da babura. Gidan biki ya cika, ana ta guɗa, mata sun kewaye tukwane. Da la'asar na sake neman Abba. Wannan karon a wani shago na same shi kusa da kasuwa, yara sun yi cincirindo a ƙofa.

Gidan gem ne: benci biyu, talabijin ɗaya, da wata tsohuwar kwamfuta 'yar gwanjo da ke aiki da sola. Mai shagon matashi ne, ya ce da abin da yara ke biya yake cefane, yana da mata da ɗiya ɗaya. Windows 7 ce a kan kwamfutar, wadda Microsoft ya daina kula da ita tun Janairu 2020. Na tambaye shi ko bai taɓa sha'awar sabon gem ba.

Ya ce, "Na taɓa, Hajiya. Samari sunka matsa min sai in sa sabo mai kyawon hoto. Nis sa. Sai ga 'yan wasa suna tahiya awa masu ciwon baya. Kwana bakwai ban yi ciniki ba, sai da nib biya anka maido min da tsohon. Tun ran nan ko intanet ban bari ta sunsuna."

Dabararsa ke nan: ya san ƙarfin jakinsa, ya daina ƙara masa mangala. Kuma da yake kwamfutar ba ta shiga intanet, rashin kariyar tsohuwar Windows bai dame shi ba. Na tsaya ina kallo wani yaro ɗan garin, ƙafarsa duk ƙura, ya lallasa Abba ci uku ba ko ɗaya a gem ɗin da ya girmi wayata. Babu wanda ya kula ciyawar ba ta sheƙi. Ihu suke yi kamar a filin gaske. Sai da aka kira magariba na samu na janyo shi, yana roƙon a bari ya rama.

Abin da na dawo da shi

Ban sayi sabuwar waya ba. Mun cire gem ɗin mai nauyi, 'yar kawuna ta zaɓa masa wani mara nauyi da ba ya buƙatar data. Na kashe sabuntawar kai-tsaye a Play Store, yanzu sai na duba kafin a taɓa komai. Manhajojin banki da na saƙo ina sabunta su a wayata, don wannan maganar tsaro ce, amma gem ba dole ba ne. Na kuma koyi cewa in zan sayi waya ta hannu, ba kyan jiki zan duba ba, lambar Android da girman ram zan fara tambaya. Yaron da ya ce miki "wayar ta lalace", ki tambaye shi me ya canza jiya kafin ki buɗe jaka.

Da muka kamo hanyar gida, bayan mun wuce Koko, Abba ya ce in ba shi abin sauraro. Na zaci gem zai buga. Can na ga ya yi shiru yana kallon taga. Ya ciro ɗaya ya sa min a kunne. Inna ce, tana cewa in shafa mata kan Abba, in ce masa ya dage da karatu, za ta aiko masa da ƙuli-ƙuli in an samu mai zuwa.

Ya ce, "Umma, da an yi filashin ɗin fa?"

Na ce, "Allah ya tsare."

'Yar'uwa, in akwai tsohuwar waya a hannun yaranki, yau kafin ki kwanta ki karɓa ki duba abin da ke cikinta. Ni saura ƙiris in yi wannan dubawar a makare.