Daga Maijirgi zuwa Galadi: wa ake tunawa?

Mai karatu, in Allah ya kai ka Nijar ka bi titin Maraɗi zuwa Damagaram, ka ɗan tsaya a Maijirgi, kusa da Tasawa. A nan kaburburan wasu sojojin Faransa biyu suke, Voulet da Chanoine. A 1899 su ne suka jagoranci rundunar da ta ratso ƙasar Hausa tana ƙone garuruwa, tana yanka mutane kamar kaji, don a ganinsu ran baƙar fata ba a bakin komai yake ba. A watan Mayu suka afka wa Birnin Ƙonni. A watan Yuli sojojinsu da kansu suka bindige su.

Abin haushin shi ne, makasan suna da kabari da suna, har baƙi na zuwa gani. Talakawan Ƙonni da aka hallaka kuwa, ko sunayensu ba a rubuta ba.

To, a nan fim ya yi rana. A 1986 darakta Med Hondo ya fitar da "Sarraounia", labarin Sarauniyar Lugu wadda ta tari wannan runduna da yaƙi, kuma fim ɗin ya ci babbar kyautar FESPACO a 1987. A 2020 aka yi "African Apocalypse", inda jikokin waɗanda abin ya shafa suka zauna gaban kyamara suna ba da labarin da suka ji daga bakin kakanni.

A Jamus ma, da wani mai ƙin baƙi ya harbe mutum 9 a garin Hanau a 2020, sai jama'a suka bi bango suna manna hotuna da sunayen mamatan. Ta'asar zamanin Hitila ta koya musu cewa wanda aka mance sunansa an kashe shi sau biyu.

Mu dawo gida. Sunan Ƙaura Namoda kansa tuni ne da jarumin jihadi Namoda, wato mun iya adana sunan manya. Amma manoman Galadi, Shinkafi da Zurmi da 'yan bindiga suka kashe a shekarun nan fa? Kowa ya san sunayen manyan 'yan daji, wa ya san nasu?

Furodusoshinmu na Kano da Gusau, soyayya da rawa ba laifi ba ne, amma ga labari nan a ƙofar gida. Ku ɗauki kyamara ku je wurin zawarawa da marayu tun suna iya faɗar sunayen. Allah ya jiƙan waɗanda suka rigaye mu, amin.