Miyar cuku: kalmomi biyu da suka ba Inna dariya

A shekarata ta biyu a sashen nazarin harsuna, malaminmu na fassara ya raba mana jerin sunayen abinci da Faransanci, ya ce mu mayar da su Hausa bayan hutu. Da na iso kan *soupe au fromage* ban ko tsaya tunani ba, na rubuta "miyar cuku". Da na je gida Tawa, na karanta wa Inna aikin don ta ji yadda karatu ke tafiya. Tana jin kalmomin nan biyu ta ajiye muciya, ta yi dariya har da hawaye, sannan ta ce: "To ɗan nan, da wane tuwo ake cin ta?"

Tambayar ta fi jan biron malam zafi, domin ta nuna mini cewa kalmomin biyu duka ban same su daidai ba. A wurinmu miya ba ta zama ita kaɗai; abokiyar tuwo ce. Cuku kuwa, irin wanda matan makiyaya ke kawowa daga wajen Abalak, falle ne busasshe da zanen tabarmar da aka shanya shi a jikinsa. Da shayi ake cinsa, ko a daka shi a zuba cikin fura. Babu mai jefa shi cikin tukunya yana jiran ya narke.

Daga nan na shiga bin sawun abincin da kuma sunayensa. A tsohon Faransanci, *soupe* na nufin yankan burodin da ake zuba wa romo, daga baya ne sunan ya koma kan romon kansa. Wannan tsohuwar ma'ana tana nan a raye cikin romon albasar da ya yi suna a kasuwar Les Halles ta Paris kafin a mayar da kasuwar Rungis a 1969: a soya albasa har ta yi ja, a zuba romon nama, a ɗora burodi da cukun Gruyère, a gasa har ya narke. Na yi mamakin ganin cewa rabin kayan haɗinsa muna da su a Galmi.

A jihar Sonora ta arewacin Meziko akwai *caldo de queso*, romon dankali da tumatir da koren barkono, wanda ake zuba wa gutsattsarin ɗanyen cuku dab da saukewa. A tsaunukan Ekwado ana yin *locro de papa*, inda dankali ke dahuwa har ya yi kauri da madara da cuku. Mutanen Butan kuwa suna alfahari da *ema datshi*, barkono da cuku, kuma da shinkafa suke cinsa. Shi ne ya fi cancantar sunan miya a ma'anarmu. Wanda ya fi taɓa zuciyata shi ne *mote de queso* na gaɓar Karibiyan a Kolombiya, da ake yi da doya da cuku mai gishiri. Sunan doyar a can *ñame*, kalmar da masana ke dangantawa da harsunan Afirka ta Yamma. Ku tuna da *nyaam-*, tushen aikatau na "ci" a Fulfulde. Ta ƙetare teku a zamanin cinikin bayi, ta zauna cikin tukunyar wasu.

Sunayen cukun ma gida biyu suka fito. *Queso* na Sifaniyanci da *Käse* na Jamusanci jikokin *caseus* ne na Latin, yayin da *fromage* ya samo asali daga *forma*, wato mazubin da ake matse cukun a ciki. Waɗansu sun riƙe sunan abin, waɗansu sun kira shi da sunan kayan aikinsa.

Sai da na gama zagaya duniya sannan wata abokiyar karatuna ƴar Gaya ta tuna mini da wagashi, cukun da Fulanin arewacin Benin ke daskarar da madararsa da ruwan tumfafiya. Ba ya narkewa a wuta, shi ya sa ake soya shi a zuba cikin miya a madadin nama. Ashe "miyar cuku" tana nan a maƙwabtanmu, amma ba ita ce abin da Bafaranshe ke nufi ba. Da fassarata ta shiga ƙamus, da mai karatu a Gaya ya fahimci wani abinci dabam, mai karatu a Tawa kuma ya yi dariya irin ta Inna.

A ƙarshe na miƙa wa malam "romon narkakken cukun Turawa, ana shansa da cokali". Ya ce ta yi tsawo, ya rage mini maki ɗaya. Da na koma gida hutu na gaba na karanta wa Inna sabuwar fassarar. Ba ta yi dariya ba. Ta ɗan yi shiru, ta ce yanzu ta gane abin da ake nufi, amma ita dai a bar mata cukunta cikin fura.