Wasiƙa daga Munik: Masu Kwashe Sharar Jiki

Yaya,

Ina fata kina lafiya, da maigida da yara. Ki gaishe min da Inna, ki ce mata rigar sanyin nan ta yi min rana, don dusar ƙanƙara ta fara sauka.

Kin matsa in faɗa miki abin da nake karantawa a Jamus. To, shara ce, kada ki yi dariya. Mutanen nan ba sa wasa da shara. Takarda da kwandonta, ɓawon dankali da nasa, kwalba kuwa sai an raba fara da koriya. Makona na farko na cusa kwalbar mai cikin takardu, tsohuwar da nake haya a gidanta ta tsare ni a ƙofa tana nuna min da yatsa, kamar na yi sata. Robar ruwa kuma ba a yar da ita. Inji ake sa wa a kanti, ya mayar maka da santi 25.

Ashe jikinmu ya riga Jamusawa. Kowace ƙwayar halitta tana da injin markaɗe da ake kira furotiyasom. Furotin ɗin da ya lalace, ko ya gama aikinsa, sai a liƙa masa wata 'yar alama, yubikwitin, mai amino asid 76. Ɗaya ba ta cika isa ba, sai an jera kamar huɗu, tamkar carbi, kafin injin ya karɓe shi. Masana uku da suka gano wannan, Ciechanover da Hershko da Rose, sun sami kyautar Nobel a 2004.

Injin kansa kamar ganga yake, zobba huɗu a ɗore kan juna, kowane da ɓangare bakwai. Wuƙaƙen suna can ciki, a zobba biyu na tsakiya, don kada su yanki wanda bai ji ba bai gani ba. Bakin gangar ƙanƙane ne, furotin a dunƙule ba ya shiga. Sai wani murfi da ke bakin ya duba alamar, ya warware shi kamar yadda Inna ke warware zaren saƙa, ya zura shi ciki, ya fito gutsi-gutsi. Alamar kuwa cire ta ake yi a sake amfani da ita, kamar robar nan ta santi 25. A Martinsried, nan bayan gari, aka fitar da siffar gangar dalla-dalla a 1995.

Akwai maganin sankarar ɓargo, bortezomib, da Amurka ta amince da shi a 2003. Toshe injin yake yi, sai ƙwayoyin sankarar su shaƙe da sharar kansu.

Ni dai yawancin yinina a ɗakin sanyi nake, digiri huɗu, ina tace ruwan yis, hanci na yoyo. In kin sami mai zuwa, a taimaka min da yaji da kuka.

Ƙaninki.